Tambayoyinku: Wace Ƙabila Ce Mai Wannan Rawar?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata yawancinsu a kan kiɗa da rawa suke, musamman irin waɗanda 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka suke karo da su a wuraren bukukuwa, da waɗanda sauranmu muke gani a waya ba tare da mun san mafarinsu ba. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita tsawonsu ba tare da mun taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a jihar Kalifoniya ta Amurka. A bazarar da ta wuce abokan aikina suka ja ni zuwa wani biki da aka yi a filin shaƙatawa na garinmu, inda na ga mata kusan goma sun yi ɗauri mai kama da rawani, sun sha azurfa da wuri da tsabar kuɗi, suna rawa ana kaɗa musu ganguna da hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na ji sun rangaɗa guɗa irin tamu. Da na tambaya sai aka ce mini sunanta rawar ciki ta ƙabila. Wace ƙabila ce wannan, kuma a wace ƙasa take? Daga wata mai karatu a Kalifoniya.

AMSA: Malama, kina zaune ne a mahaifar wannan rawa ba ki sani ba. Duk duniya babu wata ƙabila da ta gaji wannan salo daga kakanninta, domin a birnin San Faransisko aka haɗa shi, kuma shekarunsa ba su kai na dattawan da muke gaisawa da su kullum a ƙofar masallaci ba. Sai dai kayan da aka haɗa shi da su tsofaffi ne ƙwarai, don haka sai mun koma baya kafin maganar ta fito fili.

Tushen farko a Masar yake. A can akwai rawar da matan gida suke yi a tsakaninsu ranar aure ko suna, wadda suke kira baladi, wato ta gida, kuma ƙugu da kafaɗu ne suke aikin, ƙafafu ba su cika barin ƙasa ba. Akwai kuma mata masu sana'ar rawa a bainar jama'a da ake kira Gawazi, waɗanda Muhammad Ali Pasha ya hana su wasa a Alƙahira a 1834, har da yawansu suka gangara kudu, garuruwa irin su Isna da Luksor. Daga baya, a 1926, Badi'a Masabni ta buɗe gidan wasanta a Alƙahira, inda aka gyara rawar ta dace da dandamali da fitilu da babbar ƙungiyar makaɗa, kuma daga hannunta ne fitattu irin su Tahiya Kariyoka da Samiya Gamal suka fito har suka cika finafinan Masar. Larabawa suna ce wa wannan salon raƙs sharƙi, rawar gabas. Sunan nan na rawar ciki Faransawa ne suka laƙaba, kuma ya bazu a Amurka lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893, inda aka gina wani layi mai kwaikwayon titin Alƙahira, wani ɗan kasuwar nishaɗi mai suna Sol Bloom ya gane cewa suna mai tayar da hankali shi ne zai cika masa rumfa. Da Bahaushe ne ya raɗa mata suna da rawar ƙugu zai ce, don nan ne motsin yake.

Tushe na biyu shi ne wata mata mai suna Jamila Salimpour, haifaffiyar New York, wadda ta taɓa aiki da 'yan wasan sarkis, wato masu wasan tsalle-tsalle da na dabbobi, tun tana budurwa, sannan ta koyi rawa daga kallon finafinan Masar da cuɗanya da baƙin Gabas ta Tsakiya. A 1968 ta kafa ƙungiya mai suna Bal Anat domin yin wasa a wani biki na shekara-shekara a arewacin Kalifoniya, inda Turawa suke shigar kakanninsu na ƙarnonin baya suna kwaikwayon kasuwannin da. Wasa ne na fili, da rana tsaka, babu lasifika, saboda haka dole ta nemi kayan kiɗa masu ƙarfin amo: ganguna da wani abin busa da Misrawa ke kira mizmar, wanda ɗan'uwan algaitarmu ne na jini. Ta jera mata kashi-kashi, wannan ta ɗora takobi a ka, waccan tulu, wata ta riƙe maciji, ana gabatar da su a matsayin matan ƙasashe daban-daban, alhali ita kanta ba ta ɓoye cewa wani sashe na abin ƙirƙirarta ba ce. Ɗalibarta Masha Archer, wadda mai zane ce kuma mai haɗa kayan ado, ta narkar da waɗannan kashe-kashen suka zama shiga ɗaya da salo ɗaya. Ɗalibar Masha kuma, Carolena Nericcio, ita ce ta kafa ƙungiyar FatChanceBellyDance a 1987, wadda aka san salonta da American Tribal Style, wato salon ƙabila na Amurka. Sunan ƙungiyar ma martani ne ga mazan da suke tare 'yan rawar suna neman a yi musu wasa su kaɗai, kuma ma'anarsa ta yi kusa da abin da mace za ta ce wa irin wannan namiji a nan: sai dai a mafarki.

Abin da ya bambanta wannan salo da na Masar shi ne ba mace ɗaya ce take tashe ba, taro ne, kuma ba a shirya jerin motsin tun daga gida. Idan kika sake ganinsu, ki lura da wadda take gaba ta ɓangaren hagu, domin ita ce jagora a wannan lokacin. Sauran sun ɗan karkata yadda kowacce take hangenta da gefen ido, kuma idan ta juya kai ko ta ɗaga gwiwar hannu ta wata fuska, duk sun san motsin da zai biyo baya, don sun haddace alamomin kamar yadda ake haddace baƙaƙe. Bayan ɗan lokaci sai su kewaya su yi da'ira suna kallon juna, wata ta karɓi jagoranci, ita kuma ta farko ta koma baya cikin sahun da ya tsaya kamar jinjirin wata yana kaɗa ƙananan fayafayan tagulla da suke ɗaurawa a yatsu. Saboda wannan ne mata biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, ɗaya daga Jamus ɗaya daga Ostareliya, za su iya shiga fili su yi rawa tare kamar sun shekara suna gwaji. Guɗar da kika ji kuwa daga Larabawa suka ɗauko ta, waɗanda suke kiranta zagruta, kuma ita ce dai guɗar da ake rangaɗawa daga Maroko har Sudan har gidajenmu ranar kai amarya. Kalmar ƙabila a bakinsu tana nufin wannan zaman tare da jituwar da ke tsakaninsu, amma ni a ganina zaɓen kalmar kuskure ne, kuma zan faɗi dalili a amsar wasiƙar Agadas da ke tafe.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mahaifina makaɗin kalangu ne, ni ma na ɗan taɓa kafin karatu ya ɗauke ni. Ina yawan ganin wata ganga mai siffar turmi siriri da ake kwantarwa a cinya ana kaɗawa da yatsu, mai rawa kuma tana bin ta daidai kamar da igiya aka ɗaure su. Yaya sunanta, kuma tana magana kamar yadda kalangu yake magana? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Gaishe ka ɗan gado. Gangar nan sunanta darbuka a yawancin ƙasashen Larabawa da Turkiyya, Misrawa suna ce mata tabla, Amurkawa kuma dumbek. Ta asali da yumɓu ake gina ta a rufe bakinta da fatar kifi ko ta akuya, kuma masu kunnen kiɗa har gobe ita suka fi so, amma tana da lalura guda wadda kai ka san irinta: da zarar iska ta yi laima sai fatar ta saki, amon ya mutu. Na taɓa tsayawa a wani shagon kayan kiɗa a titin Muhammad Ali da ke Alƙahira, inda tun da can makaɗa da masu rawa suke da zama, na ga wani dattijo ya zura ƙwan lantarki mai zafi a cikin tasa, yana jira yana ɗan ƙwanƙwasa bakinta da yatsa ɗaya, sai da ya ji amon ya tashi tas sannan ya ɗora ta a cinya. Wannan wahalar ce ta sa yanzu aka fi yin ta da alminiyam da fatar roba, wadda ba ruwanta da damina.

Sauti uku ne ginshiƙinta. Idan aka bugi tsakiya da yatsu huɗu a haɗe aka ɗauke hannu nan take, sai ta ba da amo mai zurfi da ake kira dum. Idan aka bugi gefe da kan yatsun dama sai ta ba da tak mai kaifi, na hagu kuma shi ne ka. Daga waɗannan ake gina kiɗe-kiɗe da kowanne yake da sunansa. Maƙsum, wanda ya fi kowanne yawo, yana tafiya ne dum tak, tak dum, tak. Idan aka mayar da tak na farko ya zama dum, sai a sami baladi mai nauyi, dum dum, tak dum, tak, wanda 'yan rawar Amurka suka fi ƙauna saboda yana zaunar da ƙugu. Idan kuma dum biyun suka koma tsakiya, dum tak, dum dum, tak, to an shiga sa'idi, kiɗan mutanen kudancin Masar, wanda maza suke wasan sanda da shi a bukukuwa. Akwai malfuf mai sauri na shigowa fili da fita, akwai kuma na Turkawa mai bugu tara da ake kira karshilama, wanda ake ƙirga shi biyu, biyu, biyu, uku, har wanda bai saba ba ya ji kamar kiɗan yana ɗingishi.

Batun magana kuwa, a nan kalangu ya sha gabanta nesa ba kusa ba. Kai ka san cewa idan mahaifinka ya matse tsarkiya a hammata ya sake, muryar kalangu tana hawa tana sauka ne yadda harshen Hausa yake hawa yana sauka, shi ya sa mahauci zai ji takensa daga bayan kasuwa ya ajiye wuƙa, budurwa kuma ta ji an kira sunanta a dandali ba tare da an buɗe baki ba. Larabci ba harshe ne mai irin wannan karin sauti ba, darbuka kuma ba ta da tsarkiyar matsewa, saboda haka ba ta kirari, ba ta habaici. Maganarta da jiki take yi. Gwanar rawa tana sauke ƙugu a kan dum, tana tsinke motsi a kan tak, idan makaɗi ya zuba yatsu kamar ruwan sama a kan kwano sai ta amsa da karkarwa. A Masar akwai wani sashe na wasa da sauran makaɗa duk suke yin shiru a bar mai tabla da mai rawa su biyu, kuma al'adarsu ita ce ya maimaita kowace jimla sau huɗu, ta yadda a karo na farko za ta saurara, sauran ukun ta nuna abin da ta ji. Makaɗin kirki idonsa ba ya barin jikin mai rawa, domin wani lokaci ita ce take ja shi yana bi. A salon Kalifoniya kuwa, da yake mata da yawa ne suke bin jagora ɗaya, an fi buƙatar makaɗi ya riƙe kiɗa ɗaya daram kada ya yi ta gwaninta, don idan ya sauya ba zato sai sahun ya watse. Kada kuma ka ɗauka bugu da hannu baƙo ne a wurinmu: kotso da taushi na makaɗan fada da hannu ake kaɗa su ba da gula ba, haka ma bandirin da 'yan Ƙadiriyya suke cika titunan Kano da shi ranar Maukibi.

TAMBAYA: Malam, ƙanena da ke Kanada ya turo mini bidiyon wani taro da ake yi duk Lahadi a birnin Montiriyal, mutane ɗaruruwa kowa da gangarsa, babu shugaba, babu mawaƙi. Ya ce ko wanda bai taɓa riƙe ganga ba yana iya zama ya buga. Wannan kiɗa ne ko hayaniya? Daga wani mai karatu a zangon Kumasi.

AMSA: Alhaji, taron da ka gani a gindin dutsen Mont Royal ake yinsa duk lokacin zafi, kuma yana da 'yan'uwa da yawa, kamar na bakin teku a Venice da ke Los Anjalas da na filin Malcolm X a Washinton. Suna kiran irinsa da'irar ganguna. Mu da muka tashi inda kiɗa sana'ar gado ce, inda kowace ganga take da gidanta da wanda ake kaɗa wa ita, har tambari ba ya tashi sai don sarki, dole abin ya zo mana banbaraƙwai. Amma yana da tarihin da ya sa nake ganin girmansa. Bayan tawayen bayi na Stono a 1739, hukumar Karolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 wadda ta haramta wa bayi mallakar ganga, don masu su sun gane cewa da ita ake kiran juna. Wuri mafi shahara da gangar Afirka ta ci gaba da tashi a fili shi ne dandalin Kongo a New Orleans, inda ake barin bayi su taru ranar Lahadi. Saboda haka lokacin da Babatunde Olatunji, ɗan Ajido kusa da Badagiri, wanda ya je karatu Atlanta a 1950, ya fitar da faifansa na ganguna a 1960, baƙaƙen Amurka da yawa sun karɓe shi kamar an dawo musu da kayan gadonsu da aka ƙwace. Daga baya Turawa matasa suka shigo, wani mai suna Arthur Hull ya mayar da jagorancin irin wannan da'ira sana'a da ake koyarwa, har ta shiga makarantu da gidajen kula da tsofaffi.

Gangar da ta fi yawa a wurin ita ce jembe ta Malinkawan Gini da Mali, wadda ake sassaƙawa daga kututture ɗaya a rufe da fatar akuya a ɗaure da igiya. Ƙungiyar rawa ta ƙasar Gini, Les Ballets Africains, da gwanaye irin su Mamady Keita da Famoudou Konate, su suka zagaya duniya da ita. A gidanta jembe ba ta tafiya ita kaɗai, tana da manyan gangunan dundun da suke riƙe mata gindi, kuma kowane kiɗa yana da lokacinsa, wani na noma, wani na kaciya, wani na aure. A da'irar Turawa duk wannan ya zube, abin da ya rage shi ne bugun bai ɗaya da kowa yake jingina a kansa.

Ko kiɗa ne ko hayaniya, ya danganta da kunnen waɗanda suka zauna. Da'irar kirki tana da ladubbanta: ka saurara kafin ka sa hannu, ka bar sarari a bugunka don wani ya shiga, kada ka taɓa gangar mutum sai da izininsa, kuma idan masu rawa sun shiga tsakiya to su ake yi wa aiki. Ƙorafin da masu rawar ƙugu suka fi yi a irin waɗannan bukukuwa shi ne jembe biyar suna iya binne darbuka goma, sai mai rawa ta rasa dum ɗin da za ta sauka a kai, ta haƙura ta koma gefe.

TAMBAYA: Malam, mu maƙeran azurfa ne kaka da kakanni. Wani baƙo ya nuna mini hoton 'yan rawar nan sanye da irin sarƙar da muke ƙerawa, haɗe da wasu kayan da ban san su ba, fuskarsu da zane irin jarfa. Raina bai so ba, amma kuma da cinikin baƙi muke ciyar da iyali. Sata ce wannan ko girmamawa? Daga wani mai karatu a Agadas.

AMSA: Sannu da aiki, maƙeri. Idonka bai yaudare ka ba. Shigar nan tattare-tattare ce: 'yar rigar daga matan Rajastan na Indiya, manyan awarwaro da abin wuya daga makiyayan Kuci na Afganistan, yadi mai saƙar ƙarfe daga Asyut ta Masar, jerin tsabar kuɗi daga matan Aulad Na'il na Aljeriya, zanen haɓa da goshi kwaikwayon jarfar matan Berber, tsayuwar ƙirji da ɗaga hannu daga rawar filamenko ta Andalus, sannan ga azurfarku ta Abzin a wuya. Wanda ya sayi sarƙa da kuɗinsa a hannunka bai yi sata ba, kuma ban ga laifin mace a ko'ina take ta yi ado da abin da ya burge ta ba, don mu ma shadda da leshi da muke taƙama da su ba a nan aka fara saƙa su ba.

Inda nake da ja shi ne wurin suna. Idan aka kwashi kayan al'ummu bakwai, kowacce da harshenta da tarihinta da malamanta, aka zuba a ƙwarya ɗaya aka ce wannan na ƙabila ne, to an maimaita kallon da Turawan mulkin mallaka suka yi mana, lokacin da duk wanda ba su ba yake zama ɗan ƙabila marar suna. Matan Aulad Na'il sun ɗanɗana wannan, domin masu ɗaukar hoto na zamanin Faransa sun mayar da su katin gaisuwa da ake sayarwa a Biskra da Bu Sa'ada, aka manta cewa tsabar da ke jikinsu dukiyarsu ce da suka tara da guminsu. Jarfa kuma a wurin masu ita tana faɗin dangi da matsayi, ba kwalliyar yini ɗaya ba ce da za a goge da ruwa. Ka dubi tende na wajenku: turmin daka ne mata suke rufewa da fatar akuya, su ɗaure taɓare biyu a gefe a zauna a kai don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa ana bugu da hannu, mata na tafi suna guɗa, maza kuma suna kewaye su a kan raƙuma suna daidaita takun raƙumi da kiɗan, kamar yadda ake gani a taron Ingal a ƙarshen damina. Wannan abu yana da masu shi, kuma duk wanda ya ara ya kamata ya iya faɗin daga wa ya ara.

Adalci ne in faɗa cewa su kansu 'yan rawar sun yi wannan muhawara a tsakaninsu, musamman bayan da Larabawa mazauna Amurka suka ɗaga murya. A 'yan shekarun nan ƙungiyar Carolena ta cire kalmar ƙabila daga sunan salonta ta koma kiransa da sunan ƙungiyar, malamai da dama sun bi sahu, wasu kuma sun daina zanen fuska gaba ɗaya. Shawarata gare ka ita ce kada ka sayar da sarƙa ba tare da labarinta ba. Ka sa a rubuta maka 'yar takarda da Faransanci da Turanci mai ɗauke da sunan ƙirar da garin da aka yi ta, ka buga alamarka a bayan azurfar, domin kasuwar ta cika da jabun da ake zubawa a wasu ƙasashe ana sayarwa da sunanku.

TAMBAYA: Na ji wani kiɗa a bidiyon irin wannan rawa, suna jujjuya kai gashi na yawo, sai ya tuna mini kiɗan zar da ake yi a nan. Akwai dangantaka? Daga wata mai karatu a Mai Wurno, Sudan.

AMSA: Akwai, Hajiya. Kiɗan sunansa ayyub, gajere ne mai komowa kamar taku, dum, ka dum, tak, kuma 'yan rawar dandamali sun ɗauko shi ne tare da jujjuya kan daga abin da suka gani na zar a Masar. Zar kuwa, kamar yadda kika fi ni gani, zaman neman lafiya ne da mata suke yi wa wadda ake jin iska ta taɓa, kuma ɗaya daga rassansa a Sudan sunansa zar bori, wanda masana da dama suke danganta shi da borin ƙasar Hausa ta hanyar alhazai da bayin da suka ratsa. Haka ma sitambeli na Tunisiya, inda har yau ake tsintar kalmomin Hausa a waƙoƙinsa. Wadda take jujjuya kai a filin biki a Amurka siffar kawai ta ɗauka.

TAMBAYA: Malam, muna da ƙungiyar mata a unguwarmu, kuma muna so mu riƙa yi wa kanmu kiɗa a bikin 'ya'yanmu a cikin gida, mu kaɗai, maimakon hayar mai lasifika. Darbuka za mu saya? Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Hukuncin kiɗa na malamanku ne, ni a kan kayan aiki zan tsaya. Kafin ku kashe kuɗi, ku fara duba ɗakin kakanninku, domin ƙwarya da shantu saboda irin wannan zama aka yi su, kuma da kiɗan ƙwarya marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa ta riƙe gidajen biki shekara da shekaru. Babbar ƙwarya a kife cikin kwatarniyar ruwa za ta ba ku amo mai zurfi, ƙanana biyu a kife a kan tabarma su ba ku mai kaifi, sauran mata su riƙe tafi. Idan kuna son ƙari, darbuka ɗaya ta alminiyam ta isa, tare da bandiri biyu, kuma ku nemi mai faɗin baki kamar taƙi ɗaya, don wadda ta fi haka tana gajiyar da hannun mai koyo. Mai bugawa ta cire zobba da awarwaro, ta kwantar da gangar a cinyar hagu bakinta na kallon gaba, ta saki wuyan hannu kada ta ƙanƙame shi, kuma idan yatsu suka fara tsagewa lokacin hunturu ta shafa man kaɗe da dare. Ku fara da maƙsum kaɗai, a hankali, kuna furta dum da tak da baki kafin hannu ya bi, minti goma sha biyar kullum bayan la'asar har tsawon wata guda, sannan ku kira wadda ta fi kowa iya rawa a cikinku ta tsaya a gaban mai bugun.